Ina zan kai tarkacen da mai bola jari ya ƙi ɗauka a Kaduna?

Wata baiwar Allah daga Unguwar Dosa ta yi tambaya. Ta ce gyaran gida ya sa ta kwashe sito, mai bola jari ya zo ya tsince ƙarafa da robobi ya yi gaba, ya bar ta da matattun wayoyin hannu, ƙwayayen lantarki, tsohuwar katifa, tayoyi, galan na baƙin man janareto, magungunan da wa'adinsu ya wuce, da buhunan leda. Akwai kuma batiran inbata biyu da ya nace zai saya, ita kuma hankalinta bai kwanta ba. Ba ta son ƙonawa, ba ta son zubawa a kwata. Ina za ta kai su?

Hajiya, a Kaduna kasuwa ce ke tafiyar da wannan harka, ba ofis ba. Duk abin da yake da mai saye a gaba, za ki ga wanda zai biyo shi har ƙofar gidanki. Idan kuwa aka bar miki abu, dalilin ba ya wuce ɗayan uku: ko ba mai sayensa a kusa, ko bai kai yawan da zai biya kuɗin mota ba, ko kuma ya cakuɗe da datti har wankinsa ya fi kuɗinsa. Kafin ki nemi wurin kai kowane kaya, ki fara gano wanne ne dalilinsa a cikin ukun nan, don shi zai nuna miki hanya.

Yaron da ke tura baro a layinku shi ne matakin ƙasa. Yana kai wa dila mai sikeli a unguwa, dilan ya tara ya kai wa babba, babban ya cika tirela zuwa masana'antun roba na Kano irin na Sharaɗa da Dakata, ko kamfanonin narka ƙarfe na Kudu. Yaron ba ya ɗaukar komai sai abin da dilansa ke aunawa. Saboda haka idan ya ce "wannan ba a saye", abin da yake nufi shi ne ubangidansa ba ya saye. Ki tambaye shi wa yake kai wa, a ina rumfar take. Sau da yawa hawa mataki ɗaya sama ya ishe ki.

Babbar matattara ita ce Panteka, musamman tsohuwar da ke Tudun Wada kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A can za ki ga an yanke tsohuwar durom an mayar da ita murhu, an narka gwangwanin lemo da ɓallin alminiyom an zuba tukunya a cikin yashi, an kwance injin firji an ware jan ƙarfensa gefe. Kowane kaya da layinsa da mutanensa. Kada ki cika mota da kaya ki nufi can kai tsaye, domin wanda ya zo da lodi ba ya iya taya ciniki, an san ba zai koma da shi gida ba. Ki ɗauki hoto a waya, ko ki aiki ɗanki ko ƙaninki da samfuri, ya tambayi shugaban layin, a yi magana, sannan a kawo kaya. Farashi kuwa yana hawa yana sauka da kasuwar ƙarfe da ta dala, don haka ki tambayi mutum biyu ko uku a rana guda.

Bari in tsaya a kan batiran nan, domin su ne suka fi komai kuɗi a cikin kayanki, kuma su ne suka fi komai haɗari. Batirin inbata da na mota da yawancin na sola, fiye da rabin nauyinsu dalma ce, sauran kuma roba ce da ruwan batir, wanda asid ne mai cin fata da tufafi. Dalmar ake nema. Yadda ƙananan masu saye ke yi shi ne su kwance murafu su tuntsurar da ruwan a ƙasa don nauyi ya ragu, wani ma ya sa adda ya fasa kwankwason ya zaro farantan. Ruwan nan ba asid kaɗai ba ne, yana ɗauke da garin dalma. Ya bushe ya zama ƙura, yara su yi wasa a wurin, su sa hannu a baki, kaji su yi tsattsaga a kai. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan a ƙasar shekara da shekaru. A jikin yaro kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Mutanen Arewa ba baƙin wannan labari ba ne: a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Can daga dutsen zinare ta fito, amma dalmar ɗaya ce. A Ogijo ta Jihar Ogun kuma, inda ake narka batiran da aka kwaso daga ko'ina a ƙasar nan, gwaji ya nuna gubar a jinin ma'aikata da mazauna, har NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ta rufe wasu masana'antu a 2025.

To me za ki yi? Hanya mafi kyau ita ce ki mayar da su wurin wanda ya haɗa miki inbatar ko shagon da za ki sayi sababbi. Galibinsu suna karɓar tsoho su rage miki kuɗin sabo, kuma suna tura su a dunƙule ga manyan diloli. Idan sayarwa za ki yi, sharaɗinki ɗaya ne: a ɗauke su a tsaye, da ruwansu, da murafunsu a ɗaure. Duk wanda ya ce bari ya zubar da ruwan a bakin kwata kafin ya ɗora a sikeli, ki ce masa ya bar miki kayanki, ko da kuwa ya fi kowa tayi. Kafin a zo ɗauka, ki ajiye su a inuwa a kan katako, nesa da kicin da rijiya da hannun yara. Akwai ƙungiyar ARBR da aka kafa don tsara tattara batiri ƙarƙashin dokokin NESREA, kuma tun 2024 akwai ƙa'idar tarayya ta musamman a kan batiri. Don haka ba rashin kunya ba ne ki tambayi dila ko yana da rajista, da kuma inda yake kaiwa. Wanda ke aiki tsakani da Allah ba ya jin haushin wannan tambaya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: fitila mai caji da fanka mai caji masu araha, da yawansu ƙaramin batirin dalma ne a cikinsu, baƙi mai kusurwa huɗu. Idan fitilar ta mutu sai a bar wa yara su yi wasa da ita. Ki kwance ki cire shi, ki haɗa shi da manyan.

Batirin waya da na fawa bank da na kwamfutar hannu kuwa wani iri ne daban, matsalarsu wuta. Wanda ya kumbura har ya ɗaga bayan waya, kada a huda shi, kada a danne shi, kada a sake sa shi a caji. Ki liƙe bakin ƙarfensa da salatif, ki sa shi a gwangwani mai ɗan yashi, a waje. Masu gyaran waya na cikin gari, wajen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da titin Ahmadu Bello, suna karɓar matattun wayoyi saboda fanel ɗinsu, wato allon lantarkin da ke cikinsu, na da masu saye, akwai ɗan zinare da azurfa da jan ƙarfe a jikinsa. Ki haɗa musu da batiran da cajojin a lokaci guda, ki ce ba ki rabawa. Amma kafin waya ta bar hannunki, ki zare layi da memori, in tana kunnuwa ki goge komai. Layin nan yana haɗe da lambar NIN ɗinki da asusun banki, hotunan iyali kuma ba kayan kasuwa ba ne. Wadda ba ta kunnuwa sam, ki sa mai gyaran ya kwance ta a gabanki.

Ƙananan batiran tocila da rimot ba su da mai saye. Ki tara su a jarka mai murfi, a busasshen wuri, kada su shiga wuta. Masu kama da maɓallin riga, na agogo da kayan wasa, ki fi tsananta musu, domin idan yaro ya haɗiye ɗaya yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i.

Tsohuwar talabijin mai ƙeya, firji, na'urar sanyaya ɗaki, duk Panteka za ta karɓa. Sai dai ki fara gwada mai gyara, domin abin da ya mutu a wurinki kayan gyara ne a wurinsa, kuma ya fi a fasa shi don wayar jan ƙarfe ɗaya. Gilashin tsohuwar talabijin akwai dalma a cikinsa, kar a fasa a tsakar gida. Wayoyin lantarki kuma ki ba wanda ke fere su da wuƙa ko inji, ba mai cinna musu wuta ba. Baƙin hayaƙin nan da kike hangowa a bayan wasu rumfuna da yamma, shi ke nan, robar waya ake ƙonawa don a fitar da jan ƙarfe. Idan makaranta ce ko ofis mai tarin kwamfutoci, akwai ƙungiyar EPRON da aka kafa a 2018 don tsara tattara matattun kayan lantarki, akwai kuma kamfanoni masu lasisi a Legas irin su Hinckley da E-Terra, amma su sai kaya ya taru sosai ake maganar mota. Gida ɗaya ba zai cika ba, unguwa ko ƙungiya za ta iya.

Ƙwan lantarki shi ne inda ba ni da daɗin bakin da zan yi miki. Doguwar fulorasan da mai murɗaɗɗen gilashin nan suna ɗauke da ɗan sinadarin makuri, 'yan miligiram kaɗan, amma tururinsa guba ne idan suka fashe a rufaffen ɗaki. Ba dilan da zai ba ki ko sisi a kansu. Ki naɗe kowanne da takarda, ki jera a kwali, ki rubuta a jiki, ki ajiye a sama. Idan ɗaya ya fashe, a fitar da yara, a buɗe tagogi na kamar minti 10, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba, a zuba a kwalba a rufe. Sannan ki tuntuɓi KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, ki ce kina da sharar gida mai haɗari, su faɗa miki wanda suka amince ya ɗauka. Abin da ke rage damuwar shi ne irin waɗannan ƙwayaye suna kan ƙarewa a duniya, an yi yarjejeniyar daina ƙera su, masu LED da suka maye gurbinsu kuma ba makuri a cikinsu.

Sai buhunan leda. A nan dalili na biyu da na uku ne ke aiki, wato yawa da tsabta. Ledar fiya wata ana sayenta, ana wanke ta, a narka, a mayar da ita ƙwayoyin roba da ake yin baƙar leda da makamantansu. Amma ba ta da nauyi, buhu guda ba ya motsa sikeli yadda zai burge kowa, kuma jiƙaƙƙiya mai ƙasa ba a so. Ki tsiyaye ruwan, ki shanya, ki danna a buhu ita kaɗai. Inda abin ke yin armashi shi ne a Islamiyya, ko masallacin Juma'a, ko gidan biki, wuraren da ake shan ruwan leda ɗaruruwa a yini. Idan matan layinku suka ware wuri ɗaya, aka tara buhu goma ko ashirin, dilan da ya ƙi kallon buhunki shi ne zai turo Keke Napep.

Ki duba ƙasan kowace roba, za ki ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Mai 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo. Mai 2 da mai 5 su ne jarka, bokiti, buta, baho, kujera, kuma su masu injin niƙa suka fi so. Mai 4 ita ce dangin ledar ruwa. Mai 3 bututun famfo ne, masu sayensa daban, kuma shi ya fi kowanne mugun hayaƙi a wuta. Gorunan ruwa masu tsabta, masu kunun aya da zoɓo za su karɓe da godiya, waɗanda suka lotse kuma a matse su a tara wa dila. Tun 2011 ma aka gina gida da dubban goruna cike da yashi a ƙauyen Yelwa da ke kusa da garin nan, aikin ƙungiyar DARE, har labarinsa ya zaga duniya.

Wadda ba ta da kasuwa ita ce leda mai sheƙi a ciki: ta madara, ta omo, ta biskit, ta taliyar yara. Roba ce da alminiyom aka manne su da juna, raba su ya fi ƙarfin injinan da muke da su. Haka farar robar abincin tafi-da-gidanka mai lamba 6, wadda Legas ta haramta a Janairun 2024, haka famfas ɗin yara. Waɗannan ki ɗaure su da kyau ki ba motar shara ko mai kwasar da kika tabbatar juji yake kaiwa, ba bakin rafi ba. Na san ba amsar da kike so ba ke nan, amma binnewa a juji ta fi ƙonawa a tsakar gida nesa ba kusa ba. Kuma don Allah a bar hura gawayi da leda, hayaƙin a kan fuskar mai girki yake ƙarewa. Wadda aka jefa a kwata kuwa, mutanen Kigo Road da sauran unguwannin bakin kogi ne ke karɓar sakamakonta idan damina ta yi nisa.

Baƙin mai kar ya taɓa ƙasa. Gidajen Kaduna da yawa da rijiya suke rayuwa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya ɓata ruwa mai ɗimbin yawa. Ki bar shi a galan ɗinsa, kar a gauraya shi da fetur ko ruwa, ki kai wa bakanike ko wurin da ake juyen mai, suna tarawa a durom kuma akwai masu zuwa saye. Masu buga bulo ma suna shafa shi a jikin abin bugunsu. Al'adar zuba shi a masai ko a kwata wai don sauro, ita ce hanya mafi sauri ta kai shi cikin rijiyar maƙwabci.

Magani ba a sarrafa shi, lalata shi ake yi, kuma aikin NAFDAC ne, wadda ke da ofis da ɗakin gwaji a nan Kaduna. Ki tattara su ki kai babban kantin magani mai rajista ko sashen magani na asibitin da kike zuwa, ki roƙa a haɗa da nasu da za a lalata. Idan hakan bai samu ba, ki ɓare ƙwayoyin daga mazubinsu, ki cakuɗa da toka ko ƙasa, ki ɗaure a leda ki sa a shara. Kwalin kuma a yayyaga, takardar jikin kwalba a kankare. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kwalbar magani ko ta turare mai lafiyayyen tambari ita masu jabu ke nema su sake cikawa. Idan akwai mai ciwon suga a gidan, alluransa su shiga jarka mai kauri, in ta kusa cika a rufe a kai asibiti, suna da akwatin allura da wurin ƙonawa. Yaran da ke tona juji da hannu ba safa, ki tuna da su. Mazubin fiya-fiya da na maganin feshi kuma a ɗauraye sau uku, a zuba ruwan ɗaurayen a cikin abin feshin, a huda gindinsa don kada wani ya zuba man gyaɗa a ciki.

Sauran masu sauƙi ne. Taya ki bar wa mai faci, ko masu yanka ta su yi takalmi da igiyar ɗaure kaya, in kuma kina da fili ki cika ta da ƙasa ki shuka alayyafo. Kar dai ta zauna a buɗe ruwa ya taru a ciki, kuma kar ki ba wanda kika san babbakar ganda zai yi da ita. Katifa masu yin kujera za su yanka soson su yi cikon kushin da filo. Tufafi masu sauran kyau sadaka ta fi, waɗanda suka mutu kuma bakanike da mai fenti na neman tsumma. Kwalba mai murfi masu gyaɗa da zuma da man shanu na so. Fasasshen gilashi da madubi da tangaran ba su da kasuwa a nan, nauyinsu ya fi kuɗinsu, sai a naɗe su a kwali a rubuta a jiki kafin a ba mai shara.

Ba ki ambaci takardu ba, amma sito ba ya rasa su. Kwalaye da tsofaffin littattafan makaranta ana auna su a kilo, suna komawa kiret ɗin ƙwai da takardar goge hannu. Kafin ki miƙa, ki zauna ki tsince kala biyu. Na farko duk mai ɗauke da lambar asusu, hoton fasfo, ko sakamakon asibiti, ki yayyaga ki jiƙa a ruwa har ya dagargaje. Na biyu duk mai ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, har da littattafan Islamiyyar yara da suka yage. Waɗannan ba sa hawa sikeli, don ƙarshensu naɗin ƙosai ne a bakin titi. Ki haɗa su a leda mai tsabta ki aika wa limamin masallacinku, su sun san yadda ake yi da su.